Tiyatar Rage Ƙiba Da Shan Barasa: Kada A Sayar Da Kare A Sayi Biri

Hausawa kan ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Wannan karin magana ya dace matuƙa da wani al'amari da likitocin Amurka da na Turai suka shafe fiye da shekara 20 suna nazari a kansa, wato halin da wasu mutane kan shiga game da shan barasa bayan an yi masu tiyatar rage ƙiba. Mutum ne zai sha fama da teɓa shekara da shekaru, ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa su taru su yi masa rubdugu, daga ƙarshe ya miƙa wuya ga wuƙar likita, a rage masa tumbi, nauyi ya zube, lafiya ta samu, 'yan uwa da abokan arziki su yi ta zuwa barka. Sai can bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kowa ya sakankance, a wayi gari an ga bawan Allah ya faɗa wa kwalba, alhali a da ba a san shi da wannan hali ba, ko kuma yana ɗan taɓawa ne jefi-jefi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa manufar wannan rubutu ba ita ce a tsorata jama'a daga wannan tiyata ba, domin kuwa amfaninta a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta zama cuta, wato fiye da mutum biliyan ɗaya ke nan. A Amurka kaɗai an yi wa mutum fiye da 250,000 irin wannan aiki a shekarar 2019. A ƙasar Suwidin kuwa, akwai wani dogon bincike da aka soma tun 1987, inda aka riƙa bin diddigin masu ƙiba sama da 4,000, rabinsu an yi masu tiyata, rabi kuma ba a yi masu ba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin mutuwa ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa aikin. Ke nan magani ne na gaske. To amma kowane magani yana da sharaɗinsa, kuma sharaɗin da aka fi yin sakaci da shi a nan shi ne na barasa.

Asalin wannan aiki yana komawa ne ga wani likita mai suna Edward Mason na Jami'ar Iowa da ke Amurka, wanda ya lura cewa mutanen da aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki kan rame, su kuma daɗe ba su mayar da jiki ba. A shekarar 1966 ya gwada wannan dabara a kan masu ƙiba da gangan. Daga nan aikin ya yi ta samun gyare-gyare, har a farkon shekarun 1990 aka soma yin sa ta 'yan ƙananan huji ba tare da an farke ciki ba. A yau iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda za mu kira tiyatar ratse, inda ake ware wata 'yar jaka daga saman tumbi, wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, a ɗinke ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa ratse sauran tumbin da farkon hanji. Na biyu shi ne tiyatar hannun riga, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar wani siririn sashe mai siffar ayaba. Akwai kuma ta ɗamara, wadda ake ɗaure wuyan tumbi da wani zobe ba tare da an yanke komai ba, sai dai yanzu an rage yin ta ƙwarai.

Domin a fahimci inda gizo ke saƙa, sai an san yadda barasa ke tafiya a jikin wanda ba a taɓa tumbinsa ba. Idan mutum ya sha, ruwan kan tsaya a tumbi na wani lokaci, musamman idan akwai abinci a ciki, saboda akwai wata ƙofa a ƙarshen tumbi da ke sakin abin da ke ciki kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. Kaɗan ne daga barasar ke shiga jini ta bangon tumbi, mafi yawanta sai ta isa hanji. A lokacin wannan jira, akwai wani sinadari a bangon tumbi da kan soma narka wani kaso daga cikinta, sannan hanta ta samu sararin tace abin da ke iso mata sannu a hankali. Wato tumbi tamkar mai gadi ne da ke shigar da baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Tiyatar ratse kuwa takan kawar da wannan mai gadi ɗungurungum. Abin da aka haɗiya yana faɗawa hanji ne cikin 'yan mintoci, babu ƙofar da za ta tsare shi, babu isasshen bangon tumbin da zai rage masa kaifi. A tiyatar hannun riga ƙofar tana nan, amma da yake tumbin ya zama siriri, yakan tura abin da ke cikinsa da sauri fiye da da. Bugu da ƙari, wanda aka yi wa aikin ba ya iya cin abinci mai yawa, kuma an hore shi da kada ya haɗa ci da sha a lokaci guda, saboda haka duk abin da ya sha kusan a kan wofin ciki yake sha. Ga shi kuma nauyinsa ya ragu, jikin da barasar za ta watsu a ciki ya ƙanƙance.

Wannan bayani ba hasashe ba ne, an auna an gani. A shekarar 2002 wasu masana a Suwidin suka ba mata 12 da aka yi wa tiyatar ratse barasa daidai gwargwadon nauyinsu, suka kuma ba wasu 12 da ba a yi wa ba. A jinin rukunin farko barasar ta kai ƙololuwa cikin minti 10, a na biyu kuwa sai da ta ɗauki minti 30. A 2007 likita John Morton da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka maimaita gwajin da kofi ɗaya na giyar inabi, kimanin mililita 150. Ma'aunin numfashi ya nuna 0.08 ga waɗanda aka yi wa aiki, 0.05 kuma ga sauran. Wannan adadi na 0.08 shi ne iyakar da doka ta hana tuƙi da ita a kusan dukkan jihohin Amurka. Haka kuma barasar ta ɗauki minti 108 kafin ta bar jikinsu, alhali sauran minti 72 ya ishe su.

Daga baya wata masaniya mai suna Yanina Pepino da tawagarta suka zurfafa binciken, inda suka riƙa ɗibar jini kai tsaye maimakon dogaro da na'urar numfashi. A 2015 suka bayyana cewa kofi biyu a jikin macen da aka yi wa tiyatar ratse daidai yake da kofi huɗu a jikin wadda ba a yi wa ba. A 2018 suka sake gano cewa haka abin yake ga tiyatar hannun riga, wadda a da ake zaton ba ta da wannan matsala. Dalilin da ya sa binciken farko bai gano haka ba shi ne, ita na'urar numfashi sai an jira kamar minti 15 bayan an sha kafin a soma amfani da ita, alhali kafin lokacin barasar ta riga ta kai ƙololuwa a jini ta soma sauka.

Wannan sauri yana da illa ta fuska biyu. Ta farko ita ce wadda ido ke gani: mutumin da ya saba shan kofi ɗaya ya tashi ya ja motarsa lafiya lau, yanzu kofin nan ɗaya ya isa ya jefa shi rami, ko ya sa ya take ɗan wani. Ta biyu kuwa a ɓoye take, kuma ta fi muni. Masana halayyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa gwargwadon saurin da abin maye ke isa ƙwaƙwalwa, gwargwadon yadda yake kama mutum. Abin da ya bugi kai nan take ya fi saurin zama jaraba a kan wanda ya zo a hankali. Saboda haka tiyatar takan mayar da giyar da mutum ya sani ta zama wata aba dabam a jikinsa, ko da kuwa kwalbar ba ta sauya ba.

Mece ce hujjar cewa hakan na kai mutane ga jaraba? Babban binciken da ake kafa hujja da shi shi ne wanda Wendy King ta Jami'ar Pittsburgh ta jagoranta, wanda ya ƙunshi asibitoci 10 na Amurka da marasa lafiya kusan 2,000, aka kuma buga shi a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 2012. Kafin tiyata, kashi 7.6 cikin ɗari ne ke da alamun matsalar shan barasa. A shekarar farko bayan aikin adadin bai tashi ba, ya tsaya a kashi 7.3. A shekara ta biyu ne ya haura zuwa kashi 9.6. Fiye da rabin waɗanda aka samu da matsalar bayan tiyata ba su da ita kafin a yi masu. Da aka ci gaba da bin su, rahoton 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyar, mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa tiyatar ratse ya nuna alamun matsalar, wato kashi 20.8, alhali a cikin masu ɗamara kashi 11.3 ne. Shi ma binciken Suwidin da muka ambata ya gano a 2013 cewa haɗarin a samu mutum da cutar shaye-shayen barasa ya ninka kusan sau biyar ga masu tiyatar ratse idan aka gwada su da waɗanda ba a yi wa komai ba.

Binciken na 2012 ya kuma fayyace waɗanda suka fi shiga haɗari: maza, masu ƙarancin shekaru, masu shan taba, waɗanda suka saba shan barasa a kai a kai ko da kaɗan ne, masu taɓa ƙwaya, da kuma waɗanda ke jin ba su da mutanen da za su jingina da su. Wannan na ƙarshe abin lura ne, domin yana nuna cewa kaɗaici ma yana da hannu a cikin lamarin.

An daɗe ana muhawara a kan musabbabin wannan matsala. A shekarar 2006 shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin ɗin nan ta Amurka, Oprah Winfrey, ta yi shiri a kan batun, inda aka yayata ra'ayin cewa jaraba ce ke sauya sheƙa: wanda a da yake huce baƙin cikinsa a kan abinci, da aka toshe masa wannan hanya sai ya koma wa kwalba. Mawaƙiya Carnie Wilson, wadda aka nuna tiyatarta kai tsaye ta intanet a 1999, ita ma ta fito fili ta faɗi yadda ta faɗa shan barasa bayan aikin kafin ta samu ta daina. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, kuma babu shakka ya dace da labarin wasu. Sai dai alƙaluma ba su mara masa baya sosai ba. Da sauyin jaraba ne kawai, da masu ɗamara sun kamu daidai da masu ratse, tunda dukkansu an hana su ci da yawa. Haka kuma binciken Pittsburgh bai samu alaƙa tsakanin cin abinci na fitar hankali kafin tiyata da shan barasa bayanta ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2013 ya ƙara fito da abin fili, inda ɓerayen da aka yi wa tiyatar ratse suka fi sauran naci wajen neman barasa, duk da cewa ta jijiya ake ba su, ba ta baki ba. Wannan ya nuna cewa aikin yana taɓa saƙonnin da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Darasin da ke nan shi ne, bai kamata a ɗora wa wanda abin ya shafa laifin raunin zuciya kaɗai ba, domin jikinsa ne ya sauya.

Ban da jaraba, akwai wasu illolin da barasa ke yi wa mai sabon tumbi. Hantar mai ƙiba sau da yawa takan riga ta tara kitse, kuma a watannin da nauyi ke zuba da sauri tana cikin aiki tuƙuru, saboda haka ƙara mata barasa tamkar ɗora wa jakin da ya gaji kaya ne. Sai batun bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Tiyata na rage shigarsa jiki, amai na ƙarar da shi, barasa kuma na hana hanji tsotsarsa. Idan ya ƙare, mutum kan kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai sa ruɗewa da tangaɗi da rawar ido, wadda idan ba a yi gaggawar magance ta ba takan bar mutum da mantuwa ta har abada. Abin takaicin shi ne alamunta sun yi kama da maye, sai a ce ai buguwa ya yi, a bar shi ya kwana. Haka nan barasa na hana hanta sakin suga cikin jini, wanda kan sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. Tana kuma ƙara haɗarin gyambo a daidai wurin ɗinki, musamman idan ta haɗu da taba da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Daga ƙarshe, kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7, ya fi na suga mai 4, ya kusa na mai da ke da 9. Ke nan ƙibar da aka kashe dukiya aka kora tana iya dawowa ta cikin kofi.

Abin da ya fi ɗaure kai a wannan al'amari shi ne lokacin da yake bayyana. A shekarar farko mara lafiya yana ƙarƙashin idon likita, yana kiyaye doka, iyali na lura da duk abin da ya kai baki. A shekara ta biyu kuwa, an daina zuwa asibiti a kai a kai, murnar sabon jiki ta lafa, an koma shiga jama'a da halartar bukukuwa, matsalolin rayuwa da aka zaci ramewa za ta warware kuma suna nan daram. A daidai wannan gaɓa da tsaro ya yi sako-sako ne haɗarin ke kunno kai.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda akasarinmu Musulmi ne, addini ya haramta mana giya, wasu jihohinmu ma doka ta hana sayar da ita? Amsar ita ce, ruwanmu yana nan ta hanya uku. Ta farko, masu hali daga cikinmu suna zuwa Indiya da Masar da Turkiyya da Dubai a yi masu wannan aiki, su dawo gida bayan 'yan kwanaki ko makonni. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, wanda ke gida kuma wataƙila bai san abin da aka yanke ba, balle ya yi tambaya a kan barasa bayan shekara biyu. Ta biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haramci bai hana a samu masu sha a ɓoye ba, kuma kunya takan sa irin waɗannan su ce wa likita ba su taɓa kai ta baki ba. Wannan ƙarya tana iya cin rai, domin wanda jikinsa ya saba da barasa idan aka yanke masa ita kwatsam a gadon asibiti, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gushewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, a daidai lokacin da ɗinki bai kama ba.

Hanya ta uku ita ce barasar da ke shigowa da rigar magani. Akwai jiƙe-jiƙen saiwoyi masu ɗaci da ake sayarwa a 'yan kwalabe da ledoji a tashoshin mota da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza, waɗanda da yawansu barasa ce mai ƙarfi. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta barasar leda da ta ƙananan kwalabe a 2024, ko da yake aiwatar da dokar ya sha jan ƙafa. Akwai kuma wasu magungunan tari da na ƙarin jini na ruwa da ke ɗauke da barasa. Da yake wanda aka yi wa tiyata an fi ba shi maganin ruwa a makonnin farko, wajibi ne ya karanta takardar kwalba ko ya tambayi mai kemis. Mu da muka ga irin ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan yadda magani ke rikiɗa ya zama abin maye.

To, ina mafita? Ga mai shirin yin tiyata, abu na farko shi ne ya faɗa wa likitansa gaskiya tsakaninsa da Allah, domin sirrinsa amana ne a hannun likita. Wanda ke cikin jarabar sha a halin yanzu, ƙa'idar likitoci ita ce a jinkirta masa aikin har sai ya yi jinya ya daina na tsawon lokaci. Wanda ke da tarihin sha ko na ƙwaya, ya tattauna da likita a kan irin tiyatar da ta fi dacewa da shi. Bayan aiki kuwa, shawarar asibitoci ita ce a ƙaurace wa barasa baki ɗaya a lokacin da nauyi ke zuba, wato daga wata shida zuwa shekara guda a ƙalla, masu haɗari kuma su bar ta har abada. Wanda addininsa bai hana shi ba, ya kuma nace sai ya sha bayan haka, ya sani cewa ɗaya a wurinsa biyu ce, kuma kada ya kuskura ya taɓa sitiyari. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

Ga iyali, alhakinsu bai ƙare ranar da aka sallamo mara lafiya ba. Su lura da sauyin hali, yawan keɓewa, ƙin shan bitamin, kuɗin da ke ɓacewa ba dalili, da saurin fushi idan an yi tambaya. In sun ga haka, su ja shi a jiki su kai shi asibiti, domin gori da tonon silili ba abin da suke ƙarawa sai ɓuya. Su kuma likitocinmu, ya kamata duk wanda ya zo masu da tarihin wannan tiyata su riƙa yi masa tambaya a kan barasa kowace shekara, ba tare da duban rawaninsa ko hijabinta ba. Akwai jerin tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin wannan aiki, waɗanda ba sa cin fiye da 'yan mintoci.

Gaskiya ne cewa an samu sababbin allurai na rage ƙiba irin su Wegovy, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, har ma wani ƙaramin gwaji na mutum 48 da aka buga a 2025 ya nuna alamar cewa sinadarin da ke cikinsa na rage sha'awar barasa. Sai dai suna da tsada, kuma nauyi kan dawo idan an daina su, saboda haka tiyata za ta ci gaba da zama mafita ga mutane da yawa. Abin da ya rage shi ne duk wanda zai kwanta a yi masa ita ya san cewa zai tashi da jikin da dokokinsa suka sauya har ƙarshen rayuwarsa, kuma kulawar da yake bukata a shekara ta biyu da ta biyar ba ta gaza ta makon farko ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana kiyayewa, amin.